Sunanta a Rajistar Fita

Shekara talatin da ɗaya na yi a sashen magudanan ruwa na ƙaramar hukumarmu, kuma sau ɗaya tak aka taɓa miƙo mini takardar tuhuma. Ita ma saura wata huɗu in yi ritaya ta same ni. Ban ci hanci ba, ban yi fashin aiki ba. Kirki na yi, ko in ce abin da a lokacin nake kira kirki.

Mu shida ne a sashen, ni ne shugaba. Ofishinmu ɗaki ɗaya ne a ƙarshen baranda, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru, da fanka mai juyawa in ta ga dama. Aikinmu mu fita mu duba kwalbatoci da lambatu, mu auna, mu ga inda ya toshe da inda ya rufta, mu dawo da rahoto. Mu biyar maza mu ke fita. Ta shidanmu, wadda muke kira Taswira, ita ke karɓar abin da muka kawo ta zana shi a kan manyan takardu, kuma da zanenta ake yin odar bututu da siminti. Ta fi mu duka karatu, kowa ya san wannan. Shekararta shida a wurin, ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga motar aiki ba. Farkon zuwanta ta tambaya sau biyu ko uku, na ce ta bari damina ta wuce. Da damina ta wuce na ce ta bari rana ta yi sauƙi. Daga nan ta daina tambaya, ni kuma na ɗauka ta gane.

Sa'ar 'yata ta biyu ce, Baba take kirana. Wanda bai taɓa sunkuyawa a cikin kwalbati ba ba zai fahimci abin da nake kare ta daga gare shi ba: fasassun kwalabe, mataccen kare, baƙin ruwa mai warin da ke bin mutum har gida ya kwana a rigarsa. Ni dai a ganina gata nake yi mata.

Sai ga takarda daga sama. Ta ce daga yanzu kowane sashe zai raba fita aiki daidai tsakanin maza da mata, kuma a riƙa aika rajistar fita ofishin ma'aikata duk ƙarshen wata. A ƙasa aka ƙara da cewa duk mai neman shugabancin sashe sai an ga fita ashirin da sunansa a rajistar, kowace da sa hannun babban ma'aikacin da ya raka shi. Kujerata ce za ta zama babu kowa, kuma mutum biyu ne suka cancanci nemanta: Taswira, da Dogo, mataimakina, mai shekara goma sha takwas a aiki, mai dogayen ƙafafu da bakin da ya fi su tsawo.

Ranar da na karanta musu takardar, ofishin ya koma kamar tasha. Dogo ya ce wanda ya rubuta ta bai taɓa shaƙar lambatu ba, a cikin sanyin na'ura ya zauna ya yi ta. Direba ya ce shi damuwarsa ɗaya, gaban motar mutum biyu yake ɗauka, wa zai koma baya. Wani ya ce ai gara, matan su ma su ɗanɗana su ji in da daɗi. Wanda muke kira Mai Gilashi ne kaɗai ya ce matarsa nas ce, abin da take gani kafin azahar ya fi kwalbati goma, aka taru aka rufe masa baki. Taswira tana teburinta tana feƙe fensir, ba wanda ya juya ya tambaye ta.

Ni kuwa na samo dabara, har ina yaba wa kaina. Rajistar a durowata take kwana. Duk ranar da muka dawo, in na rubuta sunayen waɗanda suka fita sai in ƙara nata a ƙasa, in sa hannu. Na bi umarnin na sama, na kare yarinya daga ƙazanta, na kuma tara mata fita ashirin ɗin da take bukata ba tare da ta ɓata takalminta ba. A cikin wata uku na rubuta ta sau goma sha huɗu. Sauran sun sani, ba wanda ya ce uffan, har Dogo, don a wurinsa wasan yara ne. Da na ba matata labari tana ninke kayan wanki, abu ɗaya ta tambaye ni, ita yarinyar ta sani? Na ce ba sai ta sani ba. Ta kalle ni, ta ci gaba da ninkinta.

Asiri ya tonu a baranda. Shugabar ofishin ma'aikata, wadda duk ginin ke kira Ba Wasa, ta tare Taswira ta yi mata barka da ƙoƙari, ta tambaye ta yaya ta ga kwalbatin bayan kasuwa. Ina zaune ina shan shayi Taswira ta shigo, ta tsaya a gabana ta ce in ba ta rajista. Daga yadda ta faɗa na sha jinin jikina. Na ba ta. Ta buɗe shafi bayan shafi, tana bin layi da yatsa.

"Baba, ni ce na je bayan kasuwa ranar tara ga wata?"

Na ce mata ta zauna in yi mata bayani, don amfaninta na yi.

"Ranar tara ga wata ina kan teburin can. Kai ka aike ni in karɓo takardar zane daga sito."

Na fara jero mata dalilaina, da wari, da kwalabe, da cewa da 'yata ce ma haka zan yi. Ta bar ni na gama.

"In na zauna gaban kwamiti suka tambaye ni me na gani a can, me zan ce? In kuma suka ba ni kujerar, ranar farko da na ce wa Dogo ya sake awo, me zai ce mini?"

Dogo ya yi dariya daga kusurwa, ya ce zai ce mata ta nuna masa hanyar wurin tukuna. Ita ba ta ko kalle shi ba. Ta ɗauko rula da jan biro, ta soke sunanta a gabana, ɗaya bayan ɗaya, sau goma sha huɗu, layi miƙaƙƙe kamar tana zanen aiki. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce mata ta san abin da ta yi kuwa, saura mako biyar da kwana biyu a rufe karɓar takardun neman kujera, ga shi ta mayar da kanta sifili. Ta ce ta sani, dama can a sifilin take.

Rajista mai jan layi goma sha huɗu ba ta aikuwa ba bayani, don haka washegari na ɗauki ƙafata na je ofishin Ba Wasa na faɗi gaskiya. Na zaci za ta yi mamaki. Ko ɗagowa ba ta yi sosai ba. Ta ce ni ne shugaban sashe na uku da ya yi wannan dabara tun fitowar takardar, kuma kowannenmu yana ganin shi kaɗai ne mai wayo da tausayi. Ta ce tun wata na biyu ta lura mace mai fita sau goma ba ta taɓa karɓar takalmin ruwa daga sito ba. Ta miƙo mini takardar tuhuma, ta ce in amsa cikin kwana biyu. Na roƙe ta ta ƙara wa yarinyar lokaci tunda laifin nawa ne. Ta ce ranar rufewa ba tata ba ce balle ta matsar da ita, amma mota tana nan, ƙafafuna ma suna nan.

Na dawo na zauna na yi lissafin kwanaki. Motar aiki kwana huɗu take tamu a mako, rana ta biyar ta masu kwashe shara ce, kuma fita ɗaya ake ƙirgawa a rana ko wuri nawa aka je. Kwana ashirin da biyu ke nan. Sai mun fita kusan kullum, kuma duk fitar sai ni ko Dogo a wurin, don mu biyu ne kaɗai sa hannunmu ke karɓuwa. Dogo ya ce kada ma in kalle shi, shi ba zai riƙe wa mai neman kujerarsa tsani ba.

Fitar farko ba ta yi kyau ba, ba zan ɓoye ba. Takalmi mafi ƙanƙanta a sito ya yi mata yawa, sai da ta cusa tsohuwar jarida a ciki. Mun je babban kwalbatin da ke ƙarƙashin titin makaranta. Tana sunkuyawa warin ya buge ta, ta juya ta yi amai a gindin bango. Dogo, da ya biyo mu a babur ɗinsa don kawai ya gani, ya ce to, an fara daidaito. Na ji tausayinta, na kuma ji wani mugun daɗi a ƙasan raina, na mutumin da maganarsa ta tabbata. Ta kuskure baki da ruwan gora, ta goge fuska, ta ce a ba ta tef ɗin awo.

Muka kalli juna. Tef yana ofis, a durowar ƙasa, ya yi tsatsa tun zamanin wanda na gada. Mu da taku muke awo. Mutum ya taka daga wannan baki zuwa wancan yana ƙirgawa, taku ɗaya mita ɗaya, haka na tarar ana yi, haka na koya wa kowa. Na yi mata bayani da fahariyar mai tsohon hannu. Ta buɗe jakarta ta fito da nata tef, sabo fil, wanda daga baya na ji ta saye shi tun shekararta ta farko. Ta auna mita talatin a gefen titi, ta sa dutse a kowane ƙarshe, ta ce in taka. Na samu taku talatin da bakwai. Ta ce wa Dogo shi ma ya taka, ya ƙi, direba ya zuga shi har ya taka. Ashirin da shida.

Ta zauna a bakin kwalbatin, ƙafafunta a cikin wannan ƙaton takalmi, ta daɗe tana kallon duwatsun nan biyu.

"Ashe shekara shida ƙafafunku nake zanawa."

Ba wanda ya yi dariya. A take na tuna duk lokutan da aka kawo bututu ya gaza, ko ya yi rara aka jibge shi a bayan ofis, muka yi ta zagin ɗan kwangila. Na tuna sau biyu an dawo mata da zanenta daga sama da jan rubutu, muka ce ai kuskure na kowa ne, muka ba ta haƙuri. Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Dogo ya hau babur ɗinsa ya tafi bai yi sallama ba.

Daga ranar muka kama fita ba ƙaƙƙautawa. Kada wani ya ɗauka ta zo ne ta koya mana komai mu kuma muka zama ɗalibai. Akwai abin da takarda ba ta faɗa. Ba ta san a buga murfin siminti da sandar ƙarfe a saurari ƙararsa kafin a taka ba, saura kaɗan ta rufta a rana ta uku, sai da na fizgo ta da hannun riga na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba. Ba ta san a karanta layin da ruwa ya bari a jikin katanga ba, ko a gane toshewa daga irin ciyawar da ta tsiro. Na nuna mata, ta rubuta a ƙaramin littafinta. Ita kuma ta hana mu taku. Mai Gilashi ya zama mai riƙe bakin tef, yana yi yana cewa ai shi tun farko ya faɗa. Direba ya warware damuwarsa da kansa, ya ce a riƙa karɓa-karɓa, ranar da layin zaman baya ya zo kaina kuwa bai ji kunyar tuna mini ba. Wanda ya ce su ma su ɗanɗana, shi ne a mako na uku ya kawo mata man shafawa a hanci, ya ce yana rage wari, ya ajiye a teburinta ya wuce kamar ba shi ba.

Ta rame, fuskarta ta yi duhu, ta ce ɗanta ya fara toshe hanci in ta shigo gida. Amma ban taɓa jin ta da surutu irin na waɗannan makonni ba. Kwana ɗaya mota ta lalace, kwana ɗaya aka tsare mu a taro, rarar kwana biyun da muke da ita ta tafi. Ya zama ba sauran fashi ko ɗaya. Dogo duk wannan lokaci yana fita shi kaɗai a babur, yana dawowa ya sha mur. Sai dai Mai Gilashi ya rantse mini ya gan shi a shagon kayan gini yana taya tef.

A fita ta goma sha tara ne na zame a gangaren wani lambatu, gwiwata ta bugu da dutse. Na sa hannu a rajistar a cikin mota ina cije baki. Kafin mu isa asibiti gwiwar ta yi suntum. Likita ya ce ba karaya, amma kada in kuskura in taka ta har mako guda. Washegari ce ranar rufewa, ƙarfe huɗu na yamma, kuma saura fita ɗaya.

Da safe Taswira ta zo gaishe ni, rajistar tana cikin jakarta, na ga kusurwarta. Na ce ta miƙo. Na ce ta je da direba ta duba kwalbatin bayan asibiti, ni zan sa hannu yanzu, ai zuwa za ta yi da gaske, ba ƙarya a ciki.

"Layin cewa ya yi wanda ya raka, Baba. Ba za ka raka ni ba."

Na ce ta ji tsoron Allah, goma sha tara ta yi da guminta, za ta zubar da su saboda layi ɗaya? Na kira ta mai taurin kai. Na ce to a ɗauke ni a sa ni a mota in zauna ina kallo. Na yunƙura zan tashi, zafin ya mayar da ni, matata ta ce in na sake gwadawa za ta kulle ƙofa ta tafi da makulli. Taswira ta jira muka gama, ta ce za ta je ta roƙi Dogo. Na yi dariyar takaici. Na ce mata mutumin da in ta faɗi yau kujera ta zama tasa ba hamayya, shi za ta roƙa? Ta ce ba ta da wani, ta yi mini fatan sauƙi ta fita.

Ban taɓa yin yini mai tsawo irin wannan ba. Na kira direba, bai ɗauka ba. Na kira Mai Gilashi, ya ce shi yana sito, bai san wainar da ake toyawa ba. Na kwanta ina kallon silin ina ƙirga abin da na jawo. Da na bar ta ta shiga mota tun shekara shida da suka wuce, da yau fita ashirin ba ta isa a yi maganarta ba. Ƙarfe huɗu ta buga, ta wuce. Matata ta kawo abinci na ce ta mayar.

Wajen biyar da rabi na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na san ƙarar burkinta. Matata ta leƙa ta dawo tana cewa kada su kuskura su taka mata tabarma. Su biyu ne a bakin ƙofar ɗaki, Taswira da Dogo, laka har ƙugu, shi har a gemu. Ba su shigo ba, daga nan ta ɗaga mini wata ƙaramar takarda mai hatimin ofishin ma'aikata. An karɓi takardunta saura minti goma a rufe.

Na kalli Dogo, na buɗe baki zan yi magana. Shi ya riga ni.

"Kada ka kalle ni haka. Ban canza ba, kujerar nan ina sonta, kuma zan shiga gaban kwamiti in kayar da ita. Amma ba zan karɓe ta don gwiwarka ta kumbura ba."

Na ce Allah ya yi masa albarka, ya ce in bar albarkar tukuna, akwai magana. Ya ce kwalbatin bayan asibiti sai an sauya shi gaba ɗaya, amma wannan yarinya ta nace wai yashewa kawai yake so. Ta ce ta shiga har tsakiya, bangon lafiyarsa ƙalau, tsagin da ya gani na sama ne. Ya ce shekararsa goma sha takwas yana shiga ramin nan. Ta ce shi ya sa ya daina dubawa. Ya ɗaga murya, ta ɗaga tata, ya ce ta kawo lissafinta gobe ya gani, ta ce shi ma ya kawo nasa in yana da shi. Matata tana tsaye da kofuna biyu na ruwa, ba wanda ya karɓa.

Ina kwance ina sauraronsu, sai na ji idona ya cika. Haka Dogo yake yi da ni, haka yake yi da kowane namiji a sashen, ya yi ta musu har jijiyar wuyansa ta tashi. Shekara shida muna gaishe da Taswira da ladabi, muna ba ta haƙuri, muna yi mata sannu da aiki, ba wanda ya taɓa ganin ta isa a yi musu da ita. Na yi murna, na kuma ji nauyin abin da na hana ta, duka a lokaci guda.

Suka juya suka nufi mota ba su gama ba. Har direba ya tayar da inji ina jiyo Dogo yana cewa sauyawa, ita tana cewa yashewa.